Hamajoɗa da Ɗinkin Abbo

A Gashuwa, in ka hango mutum tafe wuyansa a karkace hagu kamar ana jan kunnensa, ba sanƙarau ba ne, Hamajoɗa ne. Gidan Abbo ne ke hagu da nasa. Shekara arba'in yana leƙen abin da ke bayan dangar nan, har wuyan ya ƙage a haka. Taubasansa sun sha ba shi shawara ya ƙaura ya koma ɗaya gefen ko wuyan ya miƙe, ya ce in ya tashi wa zai riƙa gane masa abin da ake shiga da shi gidan.

Fulanin gida ne su duka biyu, irin waɗanda kakanninsu suka gaji da yawo suka kafa turke a bakin gari. Mako guda aka haife su, rana guda aka yi suna. Ragon Abbo ya ɗara na Hama ƙaho da ɗan yatsa ɗaya tak, amma tsofaffin matan unguwa sun rantse Hama, jariri ɗan kwana bakwai, ya ɗago kai daga zane, ya dubi ragunan biyu, ya ƙi kama nono har la'asar. Rana guda wanzami ya yi musu kaciya, Abbo ya riga shi warkewa da kwana ɗaya. Da jirgin ƙasa ya fara isowa Nguru suna 'yan samari, tare suka taka zuwa kallo, Abbo ya riga hango hayaƙi saboda ya fi tsawo. Hama bai ga jirgin ba sam ranar. Ƙeyar Abbo ya wuni yana harara.

Sana'arsu ɗaya: su sayi shanu a karar Gashuwa, wato kasuwar dabbobi, su kora su ta Jajimaji kwana uku a ƙasa, su loda a tarago a Nguru. Kuma gaskiya ɗaya ce ko a bakin abokin wasa: a wannan hanya babu wanda ya kai Hama sanin saniya. Sai dai abin bai taɓa yi masa daɗi ba, don Abbo bai taɓa nuna ya damu ba. Abbo mutum ne mai fara'a, mai yawan magana, wanda ko a mafarki bai san ana tsere da shi ba. Abin da ya fi ƙona ran Hama ke nan. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Hama kuwa man gyaɗa zai shafa, don nasa ya fi ci.

Matarsa Asta ta gane shi tun makon farko. In ta ajiye masa tuwo, kafin ya buɗe baki sai ta ce, "Miyar kuka ce a can ma, Malam, kuma tamu ta fi daddawa." Sannan zai sa hannu.

To, shekara bakwai bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, suna tsakiyar loda shanu a tashar Nguru, Abbo ya dafe ciki ya durƙusa. Aka kwashe shi zuwa ɗakin shan magani, wurin wani Bayarabe malamin asibiti, Adebayo. Ya danna shi nan, ya danna shi can, ya rubuta takarda, aka sa shi a jirgi sai Kano. Hama shi ya ƙarasa lodin shanun Abbo, kuma har ga Allah ya yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Bai san abin da addu'ar za ta jawo masa ba.

Bayan wata guda Abbo ya dawo, ya yi fari, ya yi kumatu, da tabo a gefen mara na dama mai tsawon ɗan yatsa, da sawun ɗinki bakwai a jere kamar tafiyar kiyashi. Aka ce sunan ciwon afendis, wai wani ɗan guntun hanji ne ke ruɓewa, kuma wai Turawa da akawuna kaɗai yake kamawa. Ga shi ya tsallake akawunan lardi kaf ya zo ya zaɓi Abbo.

Ranar kasuwa sai a kewaye shi a gindin tsamiyar kara. Ya ɗage riga, mata masu tallan nono su rufe ido da tafin hannu suna leƙe ta tsakanin yatsu, shi kuma ya fara:

"Ran Talata da hantsi na ci dambu. Sai na ji abu ya murɗa mini a cibiya. Na yi amai sau biyu. Kafin azahar ciwon ya tattara kayansa ya gangara dama, ya zauna daram. In an danna, da sauƙi. In an saki, nan ne za ka kira uwarka."

Daga nan sai gado mai ƙafar ƙarfe, sai farin zanen gado, sai Bature da ya ce masa ya ƙirga zuwa goma, bai kai huɗu ba duniya ta ɓace. Mutane suka sa masa Abbo Mai Ɗinki. Mahauta na ba shi tsire kyauta. Hama na zaune a gefe yana karta ƙasa da sanda, ya ji labarin nan har ya haddace shi fiye da Ƙulhuwallahu.

Damina ta wuce. Da kaka Hama ya sayo wasu bijimai a wajen Dagona, ya biyo da su ta fadama, ƙishi ya kama shi ya kafa baki a kududdufin da shanu suka gama tattakawa. Bai yi mako ba atini ya sauka masa: zawo kaɗan-kaɗan, da majina, da jini, da nishi. Ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo, har wata uku. Mutumin da ke kayar da bijimi da hannu ɗaya ya koma iska na kaɗa rigarsa kamar an shanya ta a kan kara. Bai gaya wa kowa ba. Bafillace ya yarda a ce mayu sun kama shi da a ce an san sau nawa yake zagayawa. Asta kaɗai ta sani, don ita ke cika buta, kuma ta daina nisa da randa.

Wata safiya yana ɗaura wando, hannunsa ya taɓa wani abu a gefen mara. Ya tsaya cak. Ya sake lalubawa. Ƙullutu ne kamar ɗan goruba, mai zafi in an taɓa. Ya duba da kyau ya tabbatar: dama ne. Daidai inda tabon Abbo yake.

Asta ta shigo ta tarar da shi yana murmushi, abin da ba ta gani ba tun ranar da jakin Abbo ya karye.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Haɗa kaya. Kano za ni, fiɗa za a yi mini." Ya sassauta murya. "Ke, a ganinki ƙullutu irin wannan ɗinki nawa zai ci? Ai ba zai gaza goma sha biyu ba."

Abbo na jin labari ya zo a guje, hankalinsa a tashe, ya ce wallahi ƙafarsa ƙafar Hama, shi da ya san hanya, ya san ƙofar da ake shiga, ya san ma'aikacin da ke da kirki. Hama ya so ya ce a'a, sai ya tuna babu daɗin cin tsere in wanda aka tsere wa ba ya wurin. Suka hau motar gyaɗa su uku har da Asta, suka sauka a Nguru gidan fatomansu Babakura, mai masaukin 'yan shanu.

Adebayo gajere ne kakkaura, mai tabarau ɗaure da zare. A yaƙin Bama ya koyi aikin, yana jinyar sojoji. Kowa Likita yake ce masa, shi kuma kullum sai ya ce likita na zuwa rangadi, shi ɗan aikensa ne. Ya kwantar da Hama a benci ya ce, "To, Bafillace, yaya ya fara?"

Hama ya gyara murya. "Ran Talata da hantsi na ci dambu. Sai na ji abu ya murɗa mini a cibiya. Na yi amai sau biyu. Kafin azahar ciwon ya tattara kayansa ya gangara dama."

"Allahu akbar!" in ji Abbo. "Kamar nawa sak!"

Adebayo ya dubi Abbo ta saman tabarau, ya dubi Hama. "Wace Talatar?"

"Wadda ta wuce."

"Kwana uku ke nan. A kwana uku ka rame haka?"

"Haka Allah ya yi ni."

"Ƙarya ne. Na san ka. Bara kai ka ɗauko wannan a kafaɗa ka kawo mini shi nan."

Ya ɗumama hannu a hammata, ya fara dannawa daga hagu, a hankali, yana kallon fuskar Hama ba cikin ba. Ya zo kan ƙullutun ya tsaya, ya juya shi da yatsu, ya danna ya saki. Hama ya tuna nan ne ake kiran uwa, ya kurma ihu har kajin makwabta suka watse, sai dai ya makara da kamar numfashi biyu. Adebayo ya sa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ce ya ja numfashi. A nan Hama ya yi ɗan nishi na gaskiya, wanda babu shi a labarin Abbo.

"Bayan gida fa?"

Hama ya kafa wa azara ido. A gaban Abbo!

"Lafiya lau."

"Zawo? Jini? Majina?"

"Likita, ni ba yaro ba ne."

Adebayo ya ja kujera ya zauna. "Saurara. Wannan kusurwa ta ciki kamar tashar Nguru take, nan ƙaramin hanji ke sauke kaya, babba ya ɗauka. Duk wanda ya ji ciwo a nan sai ya ce afendis, don shi ya yi suna. Amma fasinjan tashar nan da yawa. Akwai macizan ciki da ke dunƙulewa su toshe hanya. Akwai hanjin da ke haɗiye ɗan'uwansa kamar hannun riga in an juya. Akwai tarin fuka da ke sauka a hanji, wanda ku masu shan ɗanyar madara kuke samu. Na taɓa ganin masunci da ƙayar kifi ta huda wa hanji a daidai nan. Akwai kuma atini, in ya daɗe sai ya tara kumburi ya yi ƙullutu. Kowanne da maganinsa. Wani wuƙa yake so yau-yau. Wani kuwa in ya ga wuƙa, mai shi ya tafi."

"Nawa mai son wuƙa ne," in ji Hama.

"Na atini nake tsoro. Hanjin da atini ya ci kamar tsumman da ya kwana a ruwa yake, ka sa allura nan ya yage can. A Bama na riƙe fitila aka buɗe wani saje a kan zaton afendis, ashe wannan ne. Kwana biyu ya ƙara. Likitan Kano gwani ne, amma ba boka ba ne. In ka karanta masa karatun nan da ka yi mini, da shi zai yi aiki." Ya miƙo masa wani ɗan gwangwani mai murfi. "Gobe da safe ka kawo mini abin da ka ajiye, da ɗuminsa. In na duba babu komai, da hannuna zan rubuta maka takardar Kano."

Hama ya karɓi gwangwanin kamar an miƙa masa kunama. A hanya ya ce wa Abbo, "Ka ji? Hassada ce. Ba ya so a ce garinmu ya fitar da masu ɗinki biyu."

Da gari ya waye ya yi abin da yake ganin dabara ce. Ya zagaya turken Babakura, ya bi 'yan maruƙa ɗaya bayan ɗaya da idon gwani, ya zaɓi wanda ya fi kowanne lafiya, mai sheƙin gashi da danshin hanci, ya tsaya a bayansa da gwangwani har Allah ya kawo rabo. Ya kai da ɗuminsa kamar yadda aka ce.

Adebayo ya buɗe, ya rufe. Ya cire tabarau ya goge.

"Tun yaushe ka fara cin harawa?"

Abbo ya fashe da dariya har ya dafe tabonsa.

"Amma ka iya zaɓe," in ji Adebayo. "Maraƙin nan zai yi rai. Gaya mini, in za ka sayi saniya, mai ita ya rantse maka lafiyarta ƙalau, me kake yi?"

Abbo ya riga Hama amsawa: "Bayanta yake zagayawa. Ya tona kashin da sanda, ya shinshina. Wallahi Likita, daga nan yake gaya maka abin da ta ci shekaranjiya da ranar da za ta mutu."

"To ni ma sana'ata ke nan. Me ya sa za ka hana ni abin da kai ba ka yarda a hana ka ba?"

Maganar ta shiga, don Hama ba wawa ba ne. Ya ji ta har cikin ƙullutun. Da su biyu ne a ɗakin, wataƙila da ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Amma ga Abbo tsaye yana share hawayen dariya, rigarsa ta ɗan ɗage, ɗinki bakwai suna leƙowa. Hama ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

"Riƙe takardarka. Jirgi ba na ubanka ba ne. Abbo ya san ƙofa."

Washegari da hantsi suna cikin tarago, shi da Abbo, a kan bencin katako tsakanin buhunan bandar kifi. Tun fitowarsu daga masauki sau huɗu Hama na cewa zai je ya gaisa da wani a bayan tasha. A na huɗun ya duba ƙasa, jinin ya fi na kullum. Ya daɗe a tsugune yana tunanin sajen nan na Bama da bai san ko sunansa ba. Ya tuna 'yarsa Bintu da aka sa ranar bikinta kafin damina. Ya ce a ransa, to in ya koma yanzu me zai ce? Ya je Nguru neman ɗinki ya dawo da zawo? Har jikokinsa sai an yi musu waƙa. Ya rufe da ƙasa, ya koma ya zauna, zufa na tsiyaya ta gemunsa.

Abin da bai sani ba, tun da sassafe Asta ta yafa mayafi ta tafi ɗakin shan magani. Matar da ko sunan mijinta ba ta taɓa faɗa ba, ta juya wa Adebayo baya, ta fuskanci bango, ta zayyana wa bangon komai: kududdufin Dagona, wata uku, buta goma sha ɗaya a wuni, jini da majina. Adebayo ya zari hularsa ya ce bari ya je ya gaya masa mutuwa zai yi.

"Ka gaya masa shekaranjiya, ya ji?" in ji Asta, har yanzu da bango take magana. "Mutuwa ba ta tayar da shi. Ka dai gaya mini, ciwon nan nasa da na Abbo, wanne aka fi samu?"

Adebayo ya tsaya da hula a hannu. Sannan ya yi dariya.

Jirgi ya yi kukan farko ke nan sai ga kansa a tagar tarago. Bai ko dubi Hama ba.

"Abbo Mai Ɗinki! Za a koma Kano ke nan? In kun isa ka gaishe mini da 'yan layi."

"Wane layi, Likita?"

"Layin masu afendis mana. Ai a Kano yanzu kamar kaciya ake yin sa. Masinja, ɗan dako, mai wankin hula, kowa da ɗinkinsa. Wani makon a yi uku, wani makon biyar." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni dai na yi asara. Na zaci na samu irin wancan ƙullutun na atini ne. Shekara goma ina aikin nan, daga nan har Bama, sau uku na taɓa ganin sa. Da shi ne, da likita ya zo rangadi sai ya rubuta sunan mai shi a babban littafi, ya kira ma'aikata su zo su taɓa. To, tunda ɗan'uwanka ya ce bayan gidansa lafiya lau, irin na kowa ne. Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya zai tafi. Wuyan Hama, wanda bai taɓa juyawa dama ba, ya juya har sai da ya yi ƙara.

"Likita! Sau nawa ka ce?"

"Uku."

"Har da Turawa?"

"Ɗaya ma Bature ne, manjo."

Jirgi ya yi kuka na biyu, taragai suka fara karo da juna. Hama ya miƙe, ya tattare riga, ya tsallake buhun kifi, ya diro ƙasa da ƙarfin da ba a san yana da sauransa ba. Ya kama hannun Adebayo, a gaban 'yan dako, da masu tallan rake, da wata tsohuwa Babarbariya mai ƙullin kanwa, ya ce da murya har ofishin tasha:

"Wata uku! Wata uku ina yi! Jini da majina! Sau goma sha ɗaya a wuni, ran Juma'a ma sha huɗu! Ina gwangwanin?"

Abbo ya wurgo kayansu ta taga ya biyo baya, jirgin Kano ya tafi da bencinsu babu kowa.

Wannan karon ba a nemi maraƙi ba. Adebayo ya ɗibi ɗan mitsitsi a tsinke, ya shafa a gilashi da ɗigon ruwan gishiri, ya sa a ƙarƙashin madubin likita a bakin taga, ya juya har hasken rana ya shiga. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ce, "Zo ka ga baƙonka."

Hama ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Wani abu ne kamar ɗigon kitse a kan romo, ba kai ba ƙafa, yana miƙa gefe guda yana jan sauran jikinsa, a cikinsa ga 'yan ƙwallaye.

"Waɗannan na cikinsa jininka ne da ya haɗiye."

Hama ya ɗago. Shi da ya yi tsammanin abin da ya kayar da shi zai kai ko da girman ɓera. Ya koma ya zauna a benci. A hankali ya ce, "Da na tafi fa?"

"Da wataƙila sun gane kafin su yanka. Da wataƙila kuma Abbo ya dawo da sandarka."

Abbo ya ce shi ma a ba shi ya leƙa. Hama ya so ya hana, ƙarfi ya ƙare.

Allura goma aka yi masa, ɗaya kowace safiya, a mazaunai, irin wadda in ta shiga sai ka ji kamar an tura maka garwashi da tsinke. Aka hana shi ko zuwa bakin ƙofa, don maganin na taɓa zuciya. A ta huɗu jinin ya tsaya. A ta bakwai goruba ta koma aduwa. Likita ya zo rangadi, ya danna, ya karanta abin da Adebayo ya rubuta, ya gyaɗa kai, ya ƙara wasu ƙwayoyi na sha, kuma da gaske ya rubuta wani abu a littafi, ko da yake littafin bai kai girman da Hama ya zata ba. Kafin wata ya cika ko ka haƙa da fartanya ba ka samun ƙullutun nan. Asta ta koma tafasa ruwan shansa, yana mita yana sha.

Ranar kasuwar farko bayan komawarsu Gashuwa, ya sa babbar rigarsa ya tafi gindin tsamiya tun kafin a kafa rumfuna. Jama'a suka taru. Aka ce, "Hama, barka da arziki! A nuna mana."

Nan ya gane inda gizo ke saƙa. Cikinsa sumul kamar na jariri. Sawun allura goma kuwa suna wurin da ko a gaban alƙali ba a buɗewa. Aka ce to a ba mu labari. Ya buɗe baki, sai ya hango surukinsa, mahaifin Asta, zaune a sahun gaba ya tokare haɓa da sanda, ga kuma dangin mijin da Bintu za ta aura. Abin da ya faɗa da ƙarfi a tashar Nguru cikin baƙi, a nan ko rabinsa ba ya fita. Ya rufe bakin. Ya sake buɗewa.

"Ciwo ne dai," in ji shi. "Na ciki. Sau uku aka taɓa ganin sa."

"Yaya yake? Me ya kawo shi?"

Hama ya dubi ƙasa.

"Ku bar shi, bai gama murmurewa ba," in ji Abbo, cikin tausayi na tsakani da Allah. "Ni ina wurin, da idona na ga dabbar. Ku matso ku ji."

Suka matsa. Abbo ya kwatanta dabbar da hannu biyu, ya ba ta baki, ya ƙara mata ƙaho. Ya yi muryar Adebayo, ya yi kukan jirgi, ya yi tsallen da Hama ya yi a kan buhun kifi. Da ya zo kan maraƙin Babakura sai da surukin Hama ya faɗo daga kan buzunsa. Kafin azahar mutanen Karasuwa da suka zo cin kasuwa suna tambaya ina mutumin nan da ya ga aljanin ciki a madubi, ana nuna musu Abbo. Wani mahauci ya aiko da tsire, aka ajiye a gaban mai ba da labari.

Hama na gefe, kumatunsa sun fara dawowa, cikinsa shiru kamar masallaci bayan an watse. Ya miƙa hannu ya jawo tsiren gabansa, ya cinye tas har da albasar, yana harara.